Ajiye Igiya Huɗu, Ɗaukar Igiya Uku: Yadda Matuƙin Ƙaramin Jirgi Ke Zama Na Babba

Ƙarfe biyar na asuba a wani ƙaramin filin jirgin sama da ke arewacin Amurka, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Fasinjoji na ɗakin jira suna hamma, amma wani saurayi mai igiya uku a kafaɗa, alamar mataimakin matuƙi, tuni ya fita waje da tocila a hannu yana zagaya jirgi. Ya duƙa ya haska tayoyi, ya leƙa bakin inji, ya bi fuffuke da ido yana neman ƙanƙarar da ta daskare a kai cikin dare. In ya ga ko ɗan ɓawonta ne, jirgin nan ba inda za shi sai motar feshi ta zo ta wanke shi da wani ruwan zafi mai launin lemo. In kuwa dusar ƙanƙara na ci gaba da zuba, sai a bi shi da wani kore mai kauri. Da soma fesa koren nan agogo ya fara aiki, domin akwai iyakar mintunan da maganin zai riƙe. Suka cika jirgi bai tashi ba, sai a sake dubawa, wata sa'a ma a koma layin feshi.

Wannan ne tashinsa na farko a yau, kuma kafin ya kai haƙarƙarinsa ƙasa zai yi uku ko huɗu, wata rana har biyar. A jikin jirgin an rubuta Delta Connection, ko United Express, ko American Eagle, fasinja kuma yana zaton ma'aikacin babban kamfani ne ke tuƙa shi. Alhali albashin saurayin nan daga wani wuri yake fitowa: SkyWest, ko Republic, ko Endeavor, ko Envoy, kamfanonin da ke yi wa manya aikin kwangila a gajerun hanyoyi.

Asalin tsarin ya samo tushe ne daga 1978, lokacin da gwamnatin Amurka ta sakar wa kamfanonin jirage mara wajen zaɓen hanya da yanka farashin tikiti. Sai manyan suka koma aiki da uwayen tasha, irin waɗanda suke da su yau: Delta a Atlanta, American a Dallas da Charlotte, United a Denver da Houston da wasu biranen. Ƙananan jirage su kwaso mutanen ƙananan garuruwa su zube su a babbar tasha, manya su kwashe su zuwa Landan ko Tokyo. Jiragen da ke wannan jigila, irin su E175 na kamfanin Embraer na Birazil da dangin CRJ da aka ƙera a Kanada, ba sa wuce kujeru 76. Ba ƙarancin fasaha ya sa ba. Ƙungiyoyin matuƙan manyan kamfanoni ne suka sa aka rubuta a yarjejeniyarsu cewa ba za a bai wa 'yan kwangila jirgin da ya fi haka ba, don kada aikinsu ya zurare zuwa hannun masu ƙaramin albashi. Saboda haka komai ƙwarewar matuƙi a ƙaramin kamfani, rufin ɗakinsa a nan ya tsaya. Mai son babban jirgi dole ya sauya gida.

Kafin ma ya shigo ƙaramin kamfanin ya sha wuya. Karatun tuƙi daga farko zuwa lasisin aiki kan tasam ma dala 100,000, galibi kuma bashi ne. Bayan ya gama da sa'o'i 250 ko ɗan sama da haka a kundinsa, doka ta ce da sauransa: ba zai zauna ko kujerar mataimaki a jirgin fasinja ba sai ya tara sa'o'i 1,500 ya karɓi lasisi mafi girma da ake kira ATP. An yi rangwame ga wanda ya fito daga soja, sa'o'i 750, da mai digirin tuƙi daga jami'ar da aka amince da ita, sa'o'i 1,000. Sauran jama'a sai su nemo sa'o'in duk inda suke. Akasari malanta suke kamawa, su yini a gefen ɗalibi cikin ɗan ƙaramin Cessna 172, suna kallon kuskure iri ɗaya sau ɗari, suna koyon lokacin da za a bar ɗalibi ya gyara da kansa da lokacin da za a karɓe sitiyari. Wasu su ja tutar talla a bakin teku, wasu su bi bututun mai suna duba inda ya fashe, wasu su ɗauki masu dirowa da lema. A Turai da ƙasashe da yawa, yaro kan fito daga makaranta da sa'o'i 200 da ɗoriya ya sami kujerar dama, wato ta mataimaki, bayan horo a kan jirgin da zai tuƙa. Amma sa'o'i 1,500 na lasisin kyaftin ƙa'ida ce ta duniya, wadda ya san da ita har wanda ya yi karatunsa a kwalejin jiragen sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Amurka ce ta ɗauko ƙa'idar kyaftin ta ɗora wa mataimaki.

Dalilin haka yana cikin abin da ya faru a jihar New York a farkon 2009, inda aka ga abubuwa biyu cikin ƙasa da wata guda.

Ranar 15 ga Janairu, jirgin US Airways ƙirar A320 ya tashi daga filin LaGuardia ya yi karo da garken dinya, injinansa biyu suka mutu. Mataimaki Jeff Skiles ne ke tuƙi a lokacin. Kyaftin Chesley Sullenberger ya ce jirgi ya dawo hannunsa, Skiles ya amsa ya sakar masa, ya jawo littafin matakan gaggawa ya shiga ƙoƙarin tayar da inji. Ba gardama, ba ihu, kowa ya kama nasa. Cikin minti uku da rabi suka kwantar da jirgin a kan kogin Hudson, mutum 155 suka fita da ransu. Mutanen nan biyu ba su taɓa aiki tare ba sai a wannan zagayen na kwana huɗu.

Ranar 12 ga Fabrairu kuma, jirgin ƙaramin kamfanin Colgan Air ƙirar Q400, mai ɗauke da fasinjojin babban kamfanin Continental daga Newark, yana gangarowa Buffalo da dare. Gudunsa ya ragu ba wanda ya lura, har sitiyari ya soma karkarwa, wato gargaɗin cewa fuffuke na gab da daina kama iska. Maganin wannan sananne ne tun a makon farko na makaranta: a tura hancin jirgi ƙasa, a ƙara wuta. Kyaftin ya ja sitiyari baya. Jirgin ya faɗa kan wani gida, mutum 50 suka rasu, har da mai gidan. Bincike ya tono abubuwan da jama'a ba su sani ba: kyaftin ya sha faɗuwa jarrabawar tuƙi a baya kuma kamfani bai san da wasunsu ba, mataimakiyarsa ta kwana a hanya daga Seattle, can ɗaya gefen ƙasar, don ta zo aiki, albashinta kuma bai kai dala 25,000 a shekara ba.

Iyalan mamatan suka yi ta sintiri a majalisar dokoki har aka yi dokar 2010, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da ƙa'idar sa'o'i 1,500 a 2013, sannan a 2014 aka wajabta hutun sa'o'i 10 kafin aiki, tare da damar barcin sa'o'i 8 ba yankewa. Sai dai akwai wani abin lura da masu sukar dokar ke yawan ambata: matuƙan jirgin Buffalo dukkansu biyu sun haura sa'o'i 1,500. Ashe yawan sa'o'i kaɗai ba shi ne gwaninta ba. Abin da mutum ya yi da sa'o'in shi ne magana, kuma a nan ne ƙaramin kamfani ke zama makarantar da ba ta da na biyu.

Duba lissafin. Matuƙin da ke zuwa Tokyo da babban jirgi yakan yi sa'o'i goma sha wani abu a sama, amma sauka ɗaya ce, kuma su uku ko huɗu ne a ɗakin tuƙi. Doka na son kowane matuƙi ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90, kuma ba abin mamaki ba ne mai doguwar tafiya ya kasa cika su sai ya je na'urar kwaikwayo ya ƙarasa. Shi kuwa na ƙaramin jirgi, suna karɓa-karɓa da abokin aikinsa, wannan zango nawa, na gaba naka, a mako ɗaya sai ya yi saukar da wancan bai yi ba a wata biyu. Kuma ba a shimfiɗaɗɗun titunan Atlanta kaɗai ba. Akwai gajeren titi da ruwa ya jiƙa, akwai gari a tsakanin duwatsu, akwai filin da masu ba jirgi hannu ke tashi aiki da dare, sai matuƙi ya kunna fitilun titi da kansa ta hanyar latsa maɓallin rediyo sau da yawa a jere. Iska ta bugo daga gefe, hazo ya rufe, hadari ya tsaya a bakin hanya. Tashi da sauka su ne inda tuƙi yake, shi kuma abincinsa ke nan safe da yamma.

Wanda yake son ganin gwanintar nan ƙuru-ƙuru sai ya shiga simuleta, wato na'urar kwaikwayon nan, wani akwati ne mai tsayuwa a kan dogayen ƙafafu shida, cikinsa ɗakin tuƙi sak, yana karkata yana girgiza har mutum ya manta a cikin gini yake. Malami na zaune a baya da allonsa. Jirgi ya ɗauki gudu a titi, hannun kyaftin na kan maɓallan wuta, abokinsa na kiran gudu. Akwai wani gudu da ake lissafawa kafin kowane tashi, ana ce masa V1. Kafin a kai shi, in matsala ta auku ana iya taka birki a tsaya. Da zarar an kai shi, sauran titin ba zai ishi tsayuwa ba, dole a tashi ko da inji na cin wuta. Shi ya sa da an kira V1 kyaftin ke ɗauke hannunsa daga maɓallan wuta, don kada tsoro ya sa ya ja su baya. To, daidai wannan lokacin malami ke kashe inji guda. Injin da ya rage ya ture jirgi gefe, hanci ya nufi ciyawa. Ƙafar matuƙi ce za ta amsa kafin kansa ya gama tunani: ya taka feda gwargwado, ba da ƙarfin da zai wuce gona da iri ba, ya miƙar da jirgi a kan layin tsakiya, ya ɗaga hanci a hankali, ya riƙe gudun da aka lissafa. Ba a taɓa komai da gaggawa sai an kai tsawon da aka tsara. Sannan a jawo littafi, ɗaya na karantawa ɗaya na tabbatarwa, kuma ba mai kashe maɓallin inji sai ɗan'uwansa ya duba ya ce e, wannan ne mataccen. An taɓa rasa jirage saboda an kashe mai lafiyar. Matuƙi kan iya yin ritaya bai taɓa ganin mutuwar inji a zahiri ba, amma duk shekara sai ya koma akwatin nan ya sake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan na hannu da ƙafa ne. Akwai wanda ya fi shi wuya, shi ne iya cewa a'a. Kamfanoni na da ƙa'idar cewa in jirgi ya gangaro zuwa ƙafa 1,000 cikin gajimare, ko ƙafa 500 a sarari, dole gudunsa da saitinsa su zama daidai. In ba su daidaita ba, a fasa sauka, a ƙara wuta a koma sama a sake zagayowa. A takarda abu ne mai sauƙi. Amma a zango na huɗu, da dare, ga gajiya, ga fasinjoji masu sauya jirgi a gaba, ga titi yana kallonka, zuciya na cewa ai zan iya gyarawa. Gwani shi ne wanda ya ji wannan muryar ya ƙi bin ta. Haka nan wanda zai dubi rahoton yanayi ya ce a ƙara masa mai, ko ya ce ba zai karɓi jirgin nan ba sai an gyara abu kaza, ko ya ɗaga waya ya ce ya gaji ba zai iya tashi ba, alhali ya san ofis ba zai ji daɗi ba.

Irin wannan hukunci kujerar hagu, wato ta kyaftin, ce ke koyar da shi. Doka ba ta yarda mataimaki ya zama kyaftin ba sai ya yi sa'o'i 1,000 a aikin jirgin fasinja. Ranar da aka ƙara masa igiya ta huɗu ya koma hagu, sai ya waiga ya ga ba wanda zai tambaya. Shi ake tambaya. Ma'aikatan cikin jirgi, masu lodi, makanikai, ofishin tsara tafiya, duk idonsu na kansa, a damansa kuma sau da yawa sabon yaro ne da bai daɗe da barin Cessna ba. Shi ya sa aka daɗe ana kallon sa'o'i 1,000 na kyaftin a jirgin jet a matsayin mabuɗin ƙofar manyan kamfanoni. Ba jirgin suke dubawa ba, nauyin da mutum ya taɓa ɗauka suke dubawa.

Suna kuma duba yadda yake zama da mutane. A da kyaftin sarki ne, maganarsa yankan wuƙa. Haɗarin tsibirin Tenerife na 1977, inda manyan jirage jumbo biyu suka yi karo a titi mutum 583 suka mutu, da na jirgin United a Portland a 1978, wanda mai ya ƙare masa kyaftin na fama da matsalar taya, su suka nuna cewa kunyar gaya wa babba gaskiya na kisa. United ta fara koyar da aikin haɗin gwiwa a ɗakin tuƙi a 1981, yanzu kuma ya zama wajibi. Ana koya wa ƙarami yadda zai yi magana a fili cikin ladabi, ana koya wa babba yadda zai saurara. A shekarar ce kuma aka haramta hirar da ba ta shafi aiki ba a ƙasa da ƙafa 10,000. Wannan tarbiyya ce ta sa baƙi biyu za su haɗu da asuba, su gaisa, su yi aiki kamar 'yan gida ɗaya.

Idan ranar intabiyu ta zo, takardu sun riga mutum isa. Tun 1996 doka ta wajabta wa mai ɗaukar matuƙi ya nemi tarihinsa daga inda ya baro, bayan haɗarin Buffalo kuma aka kafa rumbun bayanai na ƙasa baki ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya taɓa faɗuwa jarrabawa gara ya faɗa da bakinsa, ya bayyana abin da ya koya. Za a juya kundin sa'o'insa shafi-shafi. Sannan a ce masa: ba mu labarin ranar da kuka saɓa da abokin aikinka, ko ranar da ka yi kuskure. Wanda ya ɗora wa wani laifi ya faɗi tun kafin ya rufe baki. Wasu kan sami sauƙin wannan mataki, domin American na da tsarin da matuƙan kamfanoninta uku, Envoy da PSA da Piedmont, ke wucewa uwar kamfani bi da bi, United na da shirin Aviate, Delta na da Propel. Amma ko ta wace ƙofa mutum ya shiga, abu ɗaya ke jiransa a ciki.

Lamba ce. Ranar da aka ɗauke ka aiki ake ba ka ita, kuma ita ce ke raba komai: wane jirgi za ka tuƙa, a wane gari za ka zauna, ranakun hutunka, yaushe za ka zama kyaftin, in kuma aka tashi rage ma'aikata daga ƙasa ake farawa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Lambar nan ba ta bin mutum zuwa wani kamfani. Kyaftin da ya yi shekara goma yana ba da umarni, ranar da ya shiga Delta ko United sai ya cire igiya huɗu ya sa uku, ya koma kujerar dama, sunansa a ƙarshen jerin dubban mutane. Shekarar farko ta gwaji ce. Ya koma zaman ko-ta-kwana, waya a hannu, sau da yawa a wani gidan haya kusa da filin jirgi inda matuƙa ke haɗa kuɗi su jera gadaje masu hawa biyu. Skiles da kansa, mai sa'o'i sama da 15,000, a kujerar dama yake ranar Hudson.

Kuma sa'a na da nata rabon. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 an sallami dubban matuƙa. A 2007 aka ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, layi ya tsaya cik na shekara biyar, ga matsin tattalin arzikin 2008. Waɗanda suka zo a wannan zamani sun tsufa a ƙananan kamfanoni ba don gazawa ba. Bayan annobar korona kuwa sai reshe ya juye da mujiya: tsofaffi da yawa sun karɓi ritayar wuri, manyan kamfanoni suka yi ta kwasar kyaftin-kyaftin na ƙanana har aka ajiye jirage don rashin mai tuƙa su. A 2022 ƙananan kamfanonin nan na American suka ɗaga kuɗin sabon mataimaki zuwa dala 90 a kowace sa'ar tashi, a 2023 matuƙan Delta suka sami ƙarin kashi 34 cikin ɗari a shekara huɗu. Da yake kowace shekarar jinkiri na nufin ɗaruruwan mutane sun shiga gabanka har ranar ritaya, sanin lokacin tashi daga tsohon gida shi ma fasaha ce.

Abin da ya fi burge ni a al'amarin nan shi ne komawar nan dama. Ba kowane mai riƙe da ragama ke iya sakinta ya koma bin umarni ba tare da ƙunci ba. Amma tsohon kyaftin da ya zama mataimaki ya san abin da na hagunsa ke ji a ransa sa'ad da mai ke raguwa hadari kuma ya ƙi gushewa, don ya taɓa zama a wurin. Ya san lokacin yin shiru, ya san lokacin da shiru ya zama laifi. Babban kamfani zai iya koya masa sabon jirgi cikin 'yan makonni, amma wannan ba ya cikin littafi.

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin Delta daga Legas zuwa Atlanta ya san yadda ake ji bayan sa'o'i sama da 11 a kan teku, sa'ad da tayoyi suka taɓa ƙasa lami lafiya mutane suka shiga hamdala. Waɗanda ke gaba, in ba daga soja suka fito ba, da wuya a ce ba su bi ta ƙananan garuruwan nan ba. Saukar da ka ji sau ɗaya, su sun yi ta sau dubbai a wuraren da ba ka taɓa jin sunansu ba, cikin duhu da sanyi, da mutum 50 ko 76 suna barci a bayansu.